Kura ma a ji ta bakinta: gatana da tarbiyyar adalci a ƙasar Adar

Duk wanda ya tashi a Tawa, ko a Bilbis ko a Fakawa, ko kuwa a garuruwan kewaye irin su Kalfu, Barmu, Tamaske da Keita, ya san wannan lokaci na bayan sallar lisha, sa'ad da aka gama cin tuwo, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka kewaye kakarsu. Ta ce musu: "Ga ta nan, ga ta nanku." Su amsa baki ɗaya: "Ta zo mu ji ta." Daga nan sai Gizo ya fito da tsamin bakinsa, Ƙoƙi na biye da shi, Kura kuma na can gefe tana jiran rabonta na duka. Yara su yi ta dariya har barci ya kwashe su, a rufe da ƙurunƙus.

A cikin dukkan dararen nan da muka yi muna saurare, da wuya a sami daren da aka tambaye mu abin da Kura za ta ce in da an ba ta dama ta faɗi nata. Tun kafin a fara labari mun san ita ce mai laifi. Wannan tambaya da ba a yi mana ba, ita muke so mu ɗora gaban masu karatu, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, domin su ne iyayen yaran da gobe za su riƙe shaguna da ofisoshi, su zauna a fadar sarki, a kawo musu ƙara su raba gardama. Yaron da ya saba jin labari daga baki guda, in ya girma da baki guda zai yanke hukunci.

Igiyar Gizo

Mu ɗauki gatanar da kusan kowa ya sani. An yi yunwa, Gizo ba shi da ko ƙwayar hatsi. Ya tafi wurin Giwa ya karɓo abinci, ya yi mata alkawarin biya. Ya gangara gulbi wurin Dorina, ita ma ya karɓo da irin wannan alkawari. Da wa'adi ya cika, sai ya sami doguwar igiya, ya miƙa wa Giwa baki guda, ya ce abin biyanta na ɗaure a can ƙarshe, sai ta ja. Ya kai wa Dorina ɗaya bakin, ya faɗa mata haka. Giwa na tudu tana ja, Dorina na ruwa tana ja, kowace na mamakin ƙarfin abin da take ja, Gizo kuwa ya yi nisa.

Yadda aka saba bayar da ita, gatanar yabon wayo ce: ƙaramin ƙwaro ya yi wasa da manyan daji biyu. Yara na jin daɗinta domin su ma ƙanana ne a cikin gida, manya ke juya su. Amma ɗan kasuwar da ya taɓa ba da kaya bashi, ya yi ta bin sawun mai bashin har takalminsa ya cinye, in ya saurara da kyau zai ga kansa a wurin Giwa. Ta ji tausayin mai yunwa, ta buɗe rumbunta, sakayyarta kuwa ta zama abin dariya. Ashe yaro na iya tashi daga tabarmar kakarsa da darasin cewa mai ba da rance wawa ne, mai cinye bashi gwani ne, ba tare da kowa ya yi nufin koya masa haka ba.

Akwai kuma abu na biyu a ɓoye cikin labarin. Giwa da Dorina sun wahala ne domin ba su ga juna ba. Da ɗaya ta ajiye igiya ta bi ta har ƙarshe, da ta tarar da ƴar'uwarta wadda aka cuta kamar yadda aka cuce ta. A wasu bakunan ma haka labarin ke ƙarewa: su haɗu, su gane makircin, su shiga neman Gizo. Yaron da aka tambaya, "Kai da kai ne Giwa, me za ka yi kafin ka fara ja?" ya fara koyon abin da manya da yawa suka kasa: a bincika wane ne ke ɗaya bakin igiya, kuma wane ne ya miƙo ta.

Ƴar mowa da ƴar bora

Gatana ta biyu ta fi shiga cikin gida. Ita ce ta ruwan Bagaja. An kori ƴar bora ta tafi wanko ƙirgi a wani ruwa mai nisa. A hanya ta gamu da abubuwan al'ajabi, ta yi musu ladabi, ta zaɓi ƙaramin ƙwai, ta komo gida bisa doki da dukiya da jama'a. Uwar ƴar mowa ta ga haka, ta tura tata ɗiyar. Ita kuwa ta tafi da raini da tsiwa, ta zaɓi babban ƙwai, ta komo da kutare da makafi a bayanta.

Darasin a fili yake, kuma mai kyau ne: ladabi da haƙuri suna da riba. Sai dai a tuna inda ake bayar da wannan gatana. Sau da yawa a gidan mata biyu ko uku ne, kuma kowane yaro da ke kan tabarmar ya san wace ce mowa a gidan, wace ce bora. Ɗiyar da uwarta ke da fada wurin maigida tana ji ana kwatanta ta da marar kunya, alhali ba ita ta zaɓi ɗakin da aka haife ta ba. In an tambayi yara: wa ya koya wa ƴar mowa raini? Wa ya tura ta tafiyar da ba ta shirya ba? Shi kuma uban, yana ina sa'ad da ake korar ɗiyarsa guda saboda ƙirgi? Nan da nan za su gano cewa akwai mutum na uku da labarin ya ɓoye, wato maigidan da ya kasa adalci tsakanin iyalinsa. Wannan tambaya ta fi yi wa iyaye maza nauyi bisa ga yara, shi ya sa ba a cika yin ta ba.

Sa'an nan ga kutare da makafi, waɗanda labarin ya mai da su alamar horo. A cikin masu saurare ana iya samun yaron da ubansa makaho ne, shi ke yi masa jagora da safe. Ya kamata a ba yara dama su ce ko daidai ne a mai da naƙasa abin tsoratarwa.

Ba mu kaɗai ke da wannan muhawara ba

Ma'aikatan da suka yi lakwal za su tuna da La Fontaine, wanda ya fitar da kundin tatsuniyoyinsa na farko a Faransa a shekara ta 1668. Ta farko a cikinsu, La Cigale et la Fourmi, mun haddace ta muna tsaye gaban mushe: ƙwaro mai waƙa ya ɓata lokacin aiki, ya zo roƙo wurin tururuwa, ta hana shi, har ta haɗa masa da ba'a. An koya mana cewa tururuwa ce mai gaskiya. Amma tun shekara ta 1762, Jean-Jacques Rousseau, a cikin littafinsa na tarbiyya mai suna Émile, ya yi gargaɗin cewa yaro na iya fita daga wannan labari da darasin rowa da taurin zuciya, domin zai zaɓi ya zama mai hanawa, har ya koyi yi wa mai roƙo izgili. A ƙasar da maƙeri, masaƙi da makaɗi kowa ke da matsayinsa, kuma maroƙi ke cin abinci da muryarsa, ɗan Adar na da abin cewa a kan ko waƙa aiki ce.

A Amurka kuma, a shekara ta 1989, wani malamin makaranta mai suna Jon Scieszka ya ɗauki tsohuwar tatsuniyar Turawa ta ƴan aladu uku da kyarkeci, ya sake rubuta ta daga bakin kyarkecin. Kyarkeci ya ce shi sukari kawai ya je roƙo wurin maƙwabta, mura ce ta sa shi atishawa har gidaje suka faɗi, ƴan jarida kuma suka ɓata masa suna. Malamai da yawa a can suna karanta wa yara labarin biyu a jere, su tambaye su wanda suka gaskata da kuma dalili. Abin lura shi ne, kyarkecin bai musa cewa ya cinye aladu biyu ba. Yaron da ya kula zai gane cewa mai ba da labari na iya gyara shi don ya wanke kansa.

Masu binciken tunanin yara su ma sun ba da haske. A shekara ta 1983, Heinz Wimmer da Josef Perner sun gwada yara a ƙasar Ostiriya da wani ɗan wasa: yaro ya ajiye abu a wuri guda ya fita, aka sauya wa abin wuri bai gani ba, in ya komo, ina zai duba? Ƴan shekara uku sukan nuna sabon wurin, domin a ganinsu abin da suka sani kowa ya sani. Daga wajen shekara huɗu zuwa biyar ne yara ke fara gane cewa wani na iya riƙe da abin da ba haka yake ba, kuma ya yi aiki da shi da zuciya ɗaya. Wato daidai shekarun da yaro ya fi ƙwallafa rai ga gatana, a nan ne ƙofar fahimtar tunanin wani ke buɗe masa.

Gona da burtali

Mai karatu na iya cewa duk wannan wasan yara ne. To, mu dubi inda muke zaune. Arewacin Adar shi ne mahaɗar gona da makiyaya. Doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga watan Mayu na 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, kuma layin ya ratsa jihar Tawa. Daga wancan lokaci zuwa yau jama'a ta ƙaru, farin shekarun 1973 da 1984 ya karkaɗe garkuna da rumbuna, gonaki suka hau arewa, wasu suka ci burtali da bakin tafki. Kowace shekara, in damana ta ƙare, bisashe na gangarowa daga wajen Abalak da Cintabaraden tun wasu manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba.

A gidan manomi, labarin da yaro ke ji shi ne: mun yi noma wata huɗu, dare ɗaya shanu suka cinye. A rugga ko a zangon Abzinawa kuwa, abin da yaro ke ji shi ne: hanyar da kakanninmu ke bi an shuke ta, rijiyar da muke shayarwa an kewaye ta da gona. Sau da yawa duka biyun gaskiya suke faɗi, kowa tasa rabin. Abin da rabin gaskiya ke haifarwa kuwa mun gan shi. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, ana cikin Babban Taron Ƙasa a Yamai, an kashe mutane fiye da ɗari a Toda, cikin jihar Maraɗi, akasarinsu mata da yara na makiyaya. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi ta ƙasar Madawa, cikin jiharmu, rikicin ɓarnar gona ya ci rayuka kusan ashirin. Waɗanda suka ɗauki makami a ranakun nan ba su tsaya bin igiya su ga wanda ke ɗaya bakin ba.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari a kan takarda. Dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga watan Maris na 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, inda sarakuna, ma'aikata, wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. Dokar kiwo ta ranar 20 ga watan Mayu na 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Sarakunan gargajiya kuma suna da ikon sasantawa kafin magana ta kai gaban alƙali. Amma duk waɗannan kujeru mutane ke hawansu. Doka na iya tilasta wa mutum ya zauna kusa da abokin gardamarsa, ba ta iya buɗe masa kunne. Wannan aikin tarbiyya ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tarihin ƙasar ma haka yake. A shekara ta 1674 ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karɓe Adar daga hannun Kabawa, zuriyarsa kuma ita ke sarautar Illela. Yadda ake ba da wannan labari a fada daban yake da yadda jikokin waɗanda ya tarar a kan duwatsu ke bayar da shi. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, sai da ya tattara ruwayoyin baka ya gwama su da rubutattun tarihi kafin ya fitar da littafinsa a kan Adar a shekara ta 1975. Kawsan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a 1916 zuwa 1917, ɗan tawaye ne a takardun ƴan mulkin mallaka. A Tawa kuwa sunansa aka sa wa makarantar horar da malamai.

Abin da masu ja ke cewa

Akwai dattawan da ba za su yarda da wannan magana ba, kuma tunda muna wa'azin sauraren ɓangare biyu, wajibi ne mu ji nasu. Suna cewa ƙaramin yaro na bukatar ya san fari da baƙi tukuna. In ka ce masa Kura ma tana da hujja, Dodo ma yana da uzuri, gobe in ya ɗauki kuɗin cefane zai kawo maka tasa hujjar. Suna kuma tsoron kada yaro ya saba da musu, ya riƙa mayar wa manya magana.

Tsoron nan yana da tushe, amma ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Sauraren mutum daban, wanke shi daban. Alƙali na sauraren ɓarawo har ya gama, sa'an nan ya ɗaure shi. In yara suka ji ta bakin Kura, ta ce yunwa ce ta sa ta, sai a tambaye su: yunwa na halatta cin akuyar mutane? Mafi yawansu za su ce a'a, kuma a wannan karo sun san dalili. Wani lokaci kuma za su tarar cewa Kura na da gaskiya, Gizo ne ya ci naman ya shafa mata maiƙo a baki. Hausawa da kansu sun san da haka, tunda su suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Addini ma na bayan wannan tarbiyya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Sayyadina Aliyu, sa'ad da ya aike shi alƙalanci Yaman, kada ya yanke hukunci sai ya saurari na biyu kamar yadda ya saurari na farko. A cikin Suratu Sad kuma akwai ƙissar masu husuma biyu da suka zo wa Annabi Dawuda da maganar tumaki casa'in da tara da tunkiya guda. Wasu malaman tafsiri sun bayyana cewa abin da aka jarrabe shi da shi, shi ne ba da amsa tun bai ji ta bakin na biyun ba. Abin da aka ja hankalin annabi a kansa, bai kamata a raina koya wa yaro shi ba.

Yadda za a yi a gida da lakwal

Aikin ba ya bukatar ko dala. Da fari a bar gatana ta tafi yadda take, kada a katse kaka, kada a mai da tabarma aji. Yara su yi dariyarsu, a yi ƙurunƙus. Sai wani dare, ko da rana a bakin shago, uba ya ce wa ɗansa: "Zo, yau kai ne Dorina, faɗa mini abin da Gizo ya yi miki." Ƴan shekara huɗu da biyar tambaya guda ta ishe su: wa ya ji daɗi, wa ya yi kuka? Ƴan shekara bakwai zuwa goma ana iya kafa musu fada: wannan sarki, wannan Gizo, wannan Kura, saura shaidu. Ƙa'ida guda ce, sarki ba ya magana sai kowa ya gama. A sake rarraba matsayi, wanda ya yi Gizo jiya ya yi Kura yau. A ƙarshe babba ya faɗi nasa ra'ayi a fili, domin yara su san cewa bayan saurare akwai hukunci.

A lakwal ma hanya a buɗe take. Tun shekara ta 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga watan Yuni na 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, kuma a shekara ta 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ɗaukaka nauyi ce a kan masu jin Hausa. A ajin Tabalak ko na Abalak, ɗan manomi da ɗan makiyayi na zaune kan benci guda. Malami mai basira zai sa kowa ya kawo gatanar gidansu, ta Hausa, ta Tamajak ko ta Fulatanci, a ji yadda Dila da Kura ke fitowa a kowace. Yaro zai ga cewa waɗanda ake kwatanta masa da baƙi su ma suna da kaka, suna da dare, suna dariyar abin da yake dariya.

Kayan aiki kuwa akwai su. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin kundi uku tsakanin 1911 da 1913. Boubou Hama ya fara fitar da jerin Contes et légendes du Niger a 1972. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968, aikinta ke nan tattara adabin baka. Amma babbar taska ita ce tsofaffin da ke cikin gidajenmu, waɗanda talabijin da wayar hannu suka janye wa masu saurare. A gidajen Adar da yawa, inda maza ke tafiya bida Abijan ko Libiya su yi watanni, uwa da kaka su ne makarantar farko, su ya kamata a fara yi wa wannan magana.

Saboda haka muna roƙon kowane mai karatu, alhaji a kantinsa da ma'aikaci a ofishinsa, ya gwada cikin wannan mako. In yara sun gama dariyar dukan da Kura ta sha, ya tambaye su ko akwai wanda ya ji ta bakinta, sa'an nan ya yi shiru ya saurari abin da za su ce. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu damana mai albarka da zaman lafiya tsakanin gona da garke.